FUSKAR GIDA: WANE LAUNI YA DACE DA BANGONMU A CIKIN BADALA?

A wannan fitowar tabarmarmu a ƙofar gida za mu shimfiɗa ta, mu ɗaga kai mu dubi bango.

Duk yarinyar da ta tashi a cikin birnin Kano ta san abin da ke biyo bayan sa rana. Ana cikin lissafin gara da kayan ɗaki sai ki ji an ce, "A kira mai fenti, kar dangin ango su zo su ga gidan haka." Sai a ba wa Yaya kuɗi ya hau mashin zuwa Ƙofar Ruwa, ya sayo wanda idonsa ya fara faɗa wa ko wanda ya fi araha. Kwana biyu an shafe gida tas. Biki ya zo ya wuce cikin mako guda, amma launin nan yana nan daram, shekara uku, shekara biyar. Da shi za a riƙa kwatancen gidanku, a gabansa za a ɗauki hoton kamu, a jikinsa mai zuwa zance zai jingina. Mu mata kuwa da muke wuni a ciki, mu ke shan zafin da bangon ya kwasa. To don me za a yanke wannan shawara ba a ji ta bakinmu ba? Amma kafin ki sa baki sai kin san abin da za ki faɗa.

LAUNIN DA MUKA GADA

Idan kin taɓa hawa Dutsen Dala kika dubi gari, za ki ga asalin launin Kano ruwan ƙasa ne mai ɗan ja. Ba mamaki, domin daga ƙasar garin aka gina garin. Kududdufan da ke cikin unguwanni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Duk da ƙasa aka yi waɗannan ayyuka.

Kada ki ɗauka kakanninmu ba su san ado ba. Suna da kayan shafensu tun kafin bokitin fenti ya zo. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. A jiƙa shi, a kwaɓa ruwan da ƙasa a shafe bango, sai ya fito da launi mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi, ruwan sama kuma ba ya cinsa da wuri. Har yau idan muka ce atamfa ruwan makuba ce, sunan wannan shafen muke ara. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ya kwanta a gindin rijiyar marina irin ta Ƙofar Mata, sai gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Shi ne simintinmu na dā, da shi ake kare rufin soro da zankwaye. Sannan ga farar ƙasa ta haskaka ɗaki da zaure.

Kin ga ke nan, marini da majemi da magini duk hannunsu na cikin bango ɗaya. Bayan an yi shafe, tun yana ɗanye, gwanin magini zai fitar da zane a fuskar soro: dagi, takobi, allo, da layuka masu sarƙa da juna. Da zamani ya juya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, har keke da mota da jirgin sama an riƙa zanawa, musamman a Zariya, aka kuma fara bin zanen da fentin kanti kala-kala. Wadda take son ganin wannan fasaha da idonta ta je Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Gani ya kori ji.

Abin lura a nan shi ne, mutanen dā ba sa watsa launi ko'ina. Jikin gida suna barinsa da launi ɗaya mai natsuwa, adon kuma su tara shi a bakin zaure, inda baƙo zai fara sa ido. Wannan dabara har gobe tana aiki.

ALƘALAI UKU: RANA, ƘURA DA RUWA

Katin launuka da mai shago zai nuna miki a inuwa yake. Bangonku kuwa a waje zai kwana ya wuni, kuma alƙalai uku ne za su yi masa hukunci.

Na farko rana. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai maki 40 a ma'auni. Launi mai duhu yana shan zafin rana, mai haske yana mayar da shi. Ki tuna yadda baƙin hijabi yake miki da azahar, ki kwatanta da fari. Haka bango yake. Idan aka shafa masa shuɗi mai duhu ko ruwan hanta, zai wuni yana tara zafi, da daddare ya sauke shi a ɗakin da kike kwana. Shi ya sa ɗakin da bangonsa ke kallon yamma ya fi kowanne azaba a bazara, kuma shi ya fi buƙatar launi mai haske. A birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya, tun 2017 hukuma ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin shafe don rage zafin ɗaki. In gidanku rufin kwano ne, wannan darasi ne kyauta.

Rana kuma tana cin launi. Ja mai ƙyalli, shuɗi mai ƙarfi da ruwan hoda mai kauri su suka fi saurin koɗewa, ki ga bayan shekara ɗaya ko biyu sun yi fari-fari kamar tsohon zani. Launukan da suka yi kama da ƙasa, irin su ruwan madara, ruwan ƙasa, jan ƙasa da ruwan goro marar ƙarfi, sun fi jure wa rana, domin yawancinsu daga tsatsar ƙarfe ake samo launinsu, irin wadda ta sa ƙasarmu ta yi ja.

Na biyu ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu zai lulluɓe komai. Fari sol yana da kyau ranar da aka gama shi, tubarkalla, amma ƙurar farko za ta mayar da shi kamar farar rigar ɗan firamare ranar Alhamis. Baƙi-baƙin launi shi ma yana tona asirin ƙura. Wanda ke rufa mata asiri shi ne na tsakiya, wanda ya ɗan yi kama da ita.

Na uku ruwa. Daminarmu gajera ce amma da ƙarfi take zuwa, musamman a Agusta, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa. Saboda haka bangon gabas shi ne mai shan duka. Ga kuma gindin bango: ruwan indararo ya zubo ya fantsama jar laka, ga kwata, ga awaki masu goga jiki, ga yara da gawayi, ga dakali inda majalisa ke jingina keya. Duk launin da kika zaɓa, ki tuna gindin bango rayuwarsa daban ce.

BANGON ƘASA NE KO NA BULO?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, kuma ita aka fi tsallakewa. A Yakasai, Mandawari, Koki, Sharifai da sauran tsofaffin unguwanni, gidaje da yawa ginin ƙasa ne aka yi musu rigar siminti. Daga waje sai ki rantse bulo ne.

Bangon ƙasa yana numfashi. Yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Idan aka toshe shi da siminti, aka ƙara da fentin mai a kai, danshin da ya shiga ta gindi ko ta tsagar sama ba shi da hanyar fita. Sai ƙasar ta yi laushi a ɓoye, shafen ya rabu da ita, ya yi ciki. Ki ƙwanƙwasa da yatsa, in kika ji yana amsawa kamar ganga, akwai magana. Wata rana cikin damina sai a ji rim, shafe ya zubo gaba ɗaya, wani lokacin har da bangon. Allah Ya kiyaye, amma kowace damina muna jin labarin rushewar gidaje, kuma mata da yara su ne a ciki.

Don haka in gidanku na ƙasa ne tsantsa, abin da ya fi dacewa da shi yaɓe da makuba, ko farar ƙasa, waɗanda ba sa toshe shi. A nemi tsohon magini wanda ya san aikin. In an riga an yi masa siminti, to a fara duba tsaga da indararo da saman bango, a gyara su tukuna, sannan a shafa fentin ruwa na waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Fenti kwalliya ne, ba ya ɗinke tsaga.

In kuma kika ga gindin bango yana fitar da wani farin abu kamar kanwa, fenti yana kumbura yana ɓarewa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Ko sau goma aka shafa zai ɓare. A nemo inda ruwan yake fitowa, sau da yawa kwata ce ko makwararar banɗaki.

LAUNI UKU SUN WADATAR

Ki ɗauki gida kamar yadda kike haɗa kwalliya. Ba za ki sa atamfa mai kala bakwai, ki yafa gyale mai kala biyar, ki ɗora takalmi na daban ba. Uku sun isa.

Na ɗaya, jikin gida. Shi ne mai yawa, sai ya zama mai haske da natsuwa: ruwan madara, ruwan ƙwai marar ƙarfi, ruwan ƙasa mai haske, ko ruwan toka mai haske.

Na biyu, zanin gida, wato daga ƙasa zuwa kamar ƙugu. Nan a sa mai duhu wanda zai ɓoye laka: ruwan makuba, jan ƙasa, ko ruwan ƙasa mai kauri. Amfaninsa biyu ne. Yana rufe datti, kuma in ya lalace shi kaɗai za a sake, ba sai an taɓa sama ba. Kin ga an yi tattali.

Na uku, ɗan kunne da sarƙa: ƙyauren gida, tagogi, bakin zaure, da zanen dagi in akwai. Nan ne za ki huce sha'awarki. Kore, shuɗi, ruwan goro, duk wanda ranki ke so, tunda wurin kaɗan ne, ko ya koɗe ƙaramin gwangwani zai gyara shi. Ƙyauren ƙarfe shi ne ke son fentin mai, bayan an kankare tsatsa an sa masa jan shafen farko.

Ga misalai uku da ba sa ba da kunya. Ruwan madara a sama, ruwan makuba a ƙasa, koren ƙyaure. Ko ruwan ƙasa mai haske, jan ƙasa a gindi, farin layi a bakin tagogi. Ko kuma ruwan toka mai haske, mai duhunsa a gindi, ƙyaure shuɗi irin na baba, wanda zai tuna wa mai wucewa cewa garin marina yake.

Kada a sayi bokiti goma a kan abin da aka gani a kati. A sayi ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin tabarmar sallah a jikin bangon, a bari ya bushe. Ki dube shi da safe za ki tafi makaranta, ki dube shi da azahar, ki dube shi da la'asar sakaliya. A rana launi yakan fi haske fiye da yadda yake a shago, kuma wanda ya yi kyau a ɗan kati yana iya zama abin tsoro in ya cika bango.

GIDANKU BA SHI KAƊAI BA NE A LUNGU

A cikin gari bango ɗaya ke raba gida da gida, wani lungun ma mutum biyu ba sa jerawa. Launin gidanku maƙwabcin da ke kallonku ya fi ku ganinsa. In kuka shafa fari mai ƙyalli a bangon da rana ke duka, idonsa zai sha wahala. In kuka shafa mai duhu a ƙuntataccen lungu, kun ƙara masa duhu, mu kuma mata mu ke bin lungun nan da magariba daga Islamiyya. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a miƙa tuwo ba.

Masu kallon finafinan Indiya, kun san birnin Jaifur? A 1876 sarkin garin, Maharaja Ram Singh, ya sa aka shafe gine-ginen birnin da launi guda, ruwan hoda mai kama da jan ƙasa, don tarbar Yariman Ingila. Mutanen garin suka riƙe wannan launi har ya zama sunansu, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Mu ba sai an yi mana doka ba, Allah Ya riga Ya ba mu namu launin. Ita hukumar ce kuma a Disamba 2024 ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya. Ki duba hoton hawa da kyau: ado na kan doki da mahayi, amma abin da ke fito da su shi ne bangon da ke bayansu.

Ba cewa nake kowa ya shafa abu ɗaya ba. Ki dai dubi gidan dama da na hagu kafin ki zaɓa. In kuma gidanku na da tsohon zane ko zanko, don Allah a yi haƙuri da guduma. Fenti ana sakewa, amma zanen da maginin da ya yi shi ya daɗe da rasuwa, in an farfashe shi ya tafi ke nan.

HATTARA DA DALMA

Wannan ɓangaren ki karanta wa Umma. Wasu fentukan mai, musamman rawaya, ja da ruwan lemo masu ƙyalli, an daɗe ana sa musu dalma don launi ya fito, ya kuma yi saurin bushewa. Dalma guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa a jikin mutum, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978.

Mu a Arewa mun ga aikinta. A 2010 ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Can daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ma ɗaya: ƙura a hannun yaro, hannu zuwa baki.

Saboda haka a duba jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta babu dalma a ciki. A guji na awo da ake ɗurawa a galan babu suna babu takarda. In za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa shi da ruwa kar ya yi ƙura, a kawar da yara da masu ciki, a share ɓarɓashin a zubar nesa da inda ake girki da wasa. Bokitin fenti kuma, na san muna sonsa, amma kada a zuba masa ruwan sha ko kunu ko gari. Rigakafi ya fi magani.

YAUSHE, KUMA NAWA?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fentin da aka yi ana saura kwana uku biki, a kan jiƙaƙƙen bango, shi ne wanda ke ɓarewa kafin amarya ta zo ganin gida. Lokacin da ya fi shi ne kaka, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, bango ya sha iska, ƙura ba ta yi ƙarfi ba. Sabon shafen siminti a ba shi kamar mako 4 ya bushe. Kada a shafa da tsakar rana a bango mai zafi, domin saman zai bushe kafin ya kama. A bi inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da yamma.

Lissafin kuwa ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya. Ki auna tsawon bango ki ninka da tsayinsa. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3, murabba'in mita 30 ke nan. Lita ɗaya takan shafe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, mai kaushi ya fi haka sha, kuma sau biyu ake shafawa. Wato wannan bango zai ci lita 6 zuwa 8. A duba abin da kamfanin ya rubuta a jikin bokiti, a kuma tabbata na waje ne, ba na cikin ɗaki ba. A sayi duka lokaci guda don kar launin ya bambanta. A kuma sa ido kar a tsinka shi da ruwa ya zama koko. Araha ba ta ado: wanda za a sake kowace shekara ya fi wanda zai yi shekara huɗu tsada, ko da rabin kuɗinsa aka saye shi.

YADDA ZA KI SHIGAR DA MAGANAR

Na san wata za ta ce, "To ni wa zai saurare ni?" Gaskiya ne, yawancin gidajen cikin gari na gado ne, ga Baba, ga Baffa, ga Gwaggo da ke aure a wata unguwa amma tana da haƙƙi a ciki. Launin bango kaɗai ya isa ya tayar da tsohuwar rigima in ba a bi a hankali ba.

Kada ki tari Baba a gaban mutane ki ce zaɓinsa ƙauyanci ne. Ki bi ta wajen Umma ko Kaka. In an ba ki dama, ki durƙusa ki gaishe shi, ki fara da abin da zai amfane shi: "Baba, na ce ko za a duba tsagar nan ta bangon gabas kafin a yi fentin? Kuma an ce mai haske yana rage zafi, in an sa mai duhu a gindi shi kaɗai za a riƙa sakewa." Ki miƙa masa lissafin da kika yi a takarda. Babu uban da zai ga 'yarsa ta tsare masa aljihu da lafiyar gida ya ƙi jin daɗi, ko bai nuna ba. Ke kuma mai shirin tarewa, in ango ya tambaye ki launin da kike so, kada kunya ta sa ki ce "duk wanda ka ga dama". Ke za ki zauna a ciki. Ki faɗa da ladabi, ki kawo dalili.

Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Birninmu na da kyau tun asali, abin da ya rage mu san irin wankan da za mu yi masa. Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya tsare mu daga rushewar damina, Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari. Wadda ta gwada a gidansu ta rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.